Darasi na Tara: Yadda Ake Bin Salsalar Gida a Ƙasar Yawuri

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa, idan mutum ya tashi neman tarihin gidansu, akwai inda za a kama hannunsa a kai shi. Za a nuna masa kufan unguwarsu, da tsamiyar da kakansa ya dasa, da rijiyar da har yau ake kira da sunan wani nasu, da kushewar da ake cewa ta wanda ya fara saran wurin ce. Mutanen bakin ruwa a Yawuri da Ngaski da Shanga, da yawansu ba su da wannan gata. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, kogin Kwara ya taru ya koma tafki, ya shanye gungu da ƙauyukan gaɓa masu yawa, da gonakin albasa, da maƙabartu. An tashi mutane fiye da 40,000 daga ƙauyuka sama da 200 a kewayen tafkin, aka kai su sababbin matsugunai. Tsohon garin Busa ma yana ƙarƙashin ruwa.

Abin da ya saura yana cikin kawunan waɗanda aka tasa. Yaron da yake da shekara 10 a wancan lokaci, wanda ya san inda ƙofar gidansu take duba da wanda suke katanga ɗaya da shi, yanzu ya doshi 70. Waɗanda suke magidanta a lokacin kuwa sai ɗai-ɗai. Shi ya sa wannan darasi ya fi gaggawa a nan fiye da wasu wurare. Tunda kun iya riƙe biro, aikin ya hau kanku.

Amfaninsa ba ya buƙatar dogon bayani. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ga yadda ake kai ruwa rana a kan wa ya riga wa rasuwa, da wa ya haifi wa. Aure ma yakan lalace ana gab da ɗaurawa saboda wata tsohuwa ta tuna cewa nono ɗaya yaran suka sha. Akwai cututtukan da suke bin jini, kamar sikila. Akwai takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, wadda sai mai unguwa ko dagaci ya san gidanku. Ga kuma zumunci, wanda ba ya yiwuwa da dangin da ba ka san da su ba.

Littafi ɗaya, mutum ɗaya shafi ɗaya

Ku sayi littafin rubutu mai kauri, mai bango mai ƙarfi, kada ku haɗa shi da lissafin bashi ko na adashi. Kowane mutum a ba shi shafinsa. Fara da kanka, sannan mahaifi, mahaifiya, sai kakanni huɗu. A saman shafi a rubuta sunan yanka, a ƙarƙashinsa laƙabin da aka fi saninsa da shi. Sai sunan uba da na uwa, garin da aka haife shi, sana'arsa, matan da ya aura ko mazan da ta aura bi da bi, 'ya'yan kowane ɗaki har da waɗanda suka rasu suna ƙanana, da inda aka binne shi.

A gefen kowane bayani a bar ɗan fili a rubuta wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Misali: "Gwaggo ce ta faɗa, ranar Lahadi bayan ƙaramar Salla." Wannan ɗan filin shi ne ya raba bincike da hirar dare. Bayan shekara biyar, in aka sami saɓani, za ka san bakin da kowace magana ta fito.

Daga sananne ake tafiya zuwa wanda ba a sani ba. Kada ka fara da wani sarki ko waliyyi da aka ce ku jikokinsa ne, kana neman hanyar da za ka sauko ta kanka. Hau daga ƙasa, tsani bayan tsani, inda ya ƙare ka tsaya.

Zama da tsofaffi

Yawancin masu wannan aiki sukan nufi dattijon gida, su manta da tsofaffin mata. Kuskure ne babba. Namiji yakan riƙe jerin iyaye maza da labarin sarauta da na gona. Amma wa ya auri wa, wace ce ta fita ta bar goyo, wane yaro aka ba wa riƙo, wa ya sha nonon wa, wannan ilimin mata ne. Su suke zaman biki da suna da wankan jego, su suka san dangin uwa da maza kan yi wa riƙon sakainar kashi.

Jika ya fi ɗa samun bakin tsohuwa. Tsakanin uwa da ɗanta akwai kunya, musamman ɗan fari, amma tsakanin kaka da jika wasa ne. Abin da uba ba zai iya tambayar mahaifiyarsa ba, ɗansa zai tambaya cikin raha a ba shi amsa. In kai ɗa ne, tafi da ɗanka ko 'yarka, ka zauna gefe da littafi.

A zaɓi lokacin da ta huta, kamar bayan la'asar ko bayan cin abincin dare. A riƙa mata goro ko abin da take so. Kada a tara mata jama'a, don akwai maganar da ba za ta fita a gaban suruka ba. In za a ɗauki muryarta da waya, a gaya mata, a nemi yardarta.

Yadda ake jefa tambaya shi ne rabin aikin. In ka ce, "Iya, a wace shekara aka haife ki?" za ta yi dariya ta ce Allah ne masani. Ga yadda ya fi:

"Iya, lokacin da aka tashi garinku saboda ruwa, kina gaban iyayenki ko kina ɗakinki?"

"Wane irin gaban iyaye? Ina goyon gwaggonka. Ubanka an yaye shi, yana ta ƙiriniya, sai da aka riƙe shi cikin jirgi kada ya faɗa ruwa."

"Wa ya tuƙa jirgin?"

"Ƙanen maigidan, wanda daga baya ya koma Rofiya."

Dubi abin da aka samu daga tambaya biyu. Gwaggo an haife ta wajen 1967 ko 1968. Mahaifinka ya girme ta da kamar shekara biyu zuwa uku, wato wajen 1965. In shi ne ɗan fari, kuma an aurar da Iya tana da kamar 15, to haihuwarta ta faɗa wajen 1949. Ga kuma wani ƙanen kaka da ya haye ruwa, wanda wataƙila zuriyarsa tana can ba ku san juna ba. Sai dai a lura, tashin garuruwan bai zo rana ɗaya ba, wasu an tashe su tun kafin ruwan ya iso. A tambayi wasu 'yan garin don a tabbatar da shekarar tashin nasu.

In tsohuwa ta kauce ta shiga labarin wata kishiya ko na wata shekarar da dorina ta kife jirgi, ƙyale ta. A cikin irin wannan kaucewa sunaye suke faɗowa. Kada kuma ka sa mata magana a baki. "Ba daga Katsina kakanmu ya zo ba?" tambaya ce da ta riga ta ɗauko amsarta. Ka ce, "Daga ina aka ce ya zo?" Wani marubuci Ba'amurke baƙar fata, Alex Haley, ya fitar da littafi a 1976 inda ya ce ya gano ƙauyen kakansa Kunta Kinte a Gambiya ta bakin wani mai ba da tarihi. Littafin ya yi suna a duniya. Daga baya masu bincike suka nuna cewa mutumin ya riga ya ji abin da baƙon yake nema kafin su zauna. Wanda ya ga kana ƙishin wata amsa, kuma ya ga alamar alheri a aljihunka, zai ba ka ita.

Haka abin yake ga maroƙa da masu kirari. Suna riƙe da jerin sunaye da ba kowa ya riƙe ba, musamman na gidajen sarauta da na sarakunan sana'a, irin su Sarkin Ruwa da Sarkin Maƙera. A je wurinsu, a rubuta abin da suka faɗa. Amma sana'arsu yabo ce. Wanda aka tuɓe, ko wanda ya gudu, ko wanda bai bar abin faɗa ba, sukan tsallake shi, sai ka ga jika ya koma ɗa. Wanzamai ma a tuntuɓe su, don sun san tsagar kowane gida, kuma tsagar da ke fuskar kaka takan faɗi abin da baki ya ɓoye.

Duk maganar da ta yi nauyi a ji ta daga baki biyu da ba ɗaki ɗaya suka fito ba. In suka saɓa, a rubuta duka biyun.

Tarkon sunaye

Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan farinta. Kada ka matsa mata. Tambayi gwaggo ko maƙwabciya, ko ka ambaci sunan da kake zato ka ga ko za ta gyaɗa kai. Wata za ta ce maka "mai sunan limamin unguwar nan", ta bar ka ka ƙarasa.

Mutum ɗaya yakan zo da suna uku: na yanka, da wanda iyaye suka laƙaba masa don kara, da wanda abokai ko sana'a suka ba shi. In ba ka yi hankali ba sai ka buɗe masa shafi uku. Akasin haka ma yana faruwa. Gidan da ake mayar da sunan kaka ga jika, za ka tarar da Muhammadu ɗan Abdullahi ɗan Muhammadu ɗan Abdullahi, mai ba da labari ya haɗe biyu su zama ɗaya.

Laƙabi kansa shaida ne. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ko Delu ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo bayan tagwaye, Audi an haife shi bayan rasuwar uba, Auta shi ne na ƙarshe, Azumi cikin watan azumi, Nomau lokacin noma. In ka ji kakanka Gambo ne amma ba wanda ya ambaci tagwaye a gidan, to akwai Hassan da Husaini ko Hassana da Husaina da suka rasu ko aka manta. Nemi labarinsu.

Sunan da ke takardar makaranta shi ne mafi yaudara. Yara da yawa an rubuta su da sunan garinsu, wane Yelwa, wane Wara, wane Ngaski. Wasu da sunan wanda ya riƙe su, kawu ko yaya ko mai unguwar da ya kai su makaranta. Agola ma yakan tashi da sunan mijin uwarsa. Haka kuma kalmar "baba" a bakinmu ta haɗa uba da ƙanensa da wansa, "ɗan'uwa" kuwa ta haɗa har ɗan maƙwabci. Kullum a ƙara tambaya: uwa ɗaya uba ɗaya, ko 'yan uba, ko 'ya'yan wa da ƙane?

Sunayen ƙauyuka su ma suna taimako. Yawancin tungaye sunan wanda ya kafa su suke ɗauke da shi, kuma wasu garuruwan da aka tasa sun tafi da tsohon sunansu sabon wuri. In an ce an haifi wane a gari kaza, a tambaya: na cikin ruwa ko na tudu?

Ƙirga shekaru

Mutanen da ba sa ƙirga da lamba, da sarakuna da manyan al'amura suke ƙirgawa. Saboda haka mai bincike yana buƙatar jerin abubuwan da aka san shekarunsu, ya riƙa rataya labarin gidansu a jiki.

Sarautar Yawuri ta zauna a Birnin Yawuri, rikicin ƙarni na 19 ya kai ta tsibirin Ikum, sannan ta dawo Yelwa a 1888 zamanin Sarki Abdullahi Abarshi. Bayansa Jibrilu ya yi daga 1904 zuwa 1915, Aliyu daga 1915 zuwa 1923, Abdullahi ɗan Jibrilu daga 1923 zuwa 1955, Muhammadu Tukur daga 1955 zuwa 1981, Shu'aibu Yakubu Abarshi daga 1981 zuwa 1999, sai Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi daga 1999. Kun ga Abdullahi biyu a farkon jerin. In tsoho ya ce "zamanin Sarki Abdullahi", a tambaye shi wanne, don tsakanin hawan na farko da rasuwar na biyu akwai shekara 67.

Ga wasu turakun. Turawa sun ci Kwantagora a 1901, Sakkwato a 1903. Yaƙin Hitila, wanda aka kwashi samari zuwa Bama, daga 1939 zuwa 1945. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956. Mulkin kai 1960. Kisan Sardauna, Janairun 1966. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Komawa tuƙi ta hannun dama 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo 1973. Kisan Murtala da fara makarantar UPE, duka 1976. Kafa Jihar Kebbi, Agustan 1991. Kowane gari kuma yana da nasa: shekarar fara, shekarar gobarar kasuwa, shekarar wata yunwa mai suna. Ku tattara na garinku a shafin ƙarshe na littafin.

Inda babu ko ɗaya, a yi amfani da ƙiyasi: tsakanin uba da ɗa a ba da kamar shekara 30. Wanda aka haifa a 1980, kakansa na wajen 1920 ne, kakan kakansa na wajen 1860. Da wannan ma'auni za ka gane in labari ya zarce hankali. In an ce kakan mahaifinka ya yi yaƙi tare da Shehu Usmanu, wanda ya yi hijira a 1804, to an tsallake mutum uku ko huɗu a tsakani. Ko da yaushe a sa kalmar "wajen" gaban shekarar da aka ƙiyasta.

Akwati da gafaka

Kusan kowane tsohon gida yana da akwatin ƙarfe ko adaka da ba a cika buɗewa ba. A nemi izinin mai shi, a shimfiɗa farin zane a inuwa, a fito da kayan ɗaya bayan ɗaya da busasshen hannu. Abin da akan samu: rasiɗin haraji da na jangali, wanda ke ɗauke da sunan mai biya da ƙauyensa da shekara, takardar sallama daga soja, katin asibiti, takardar sayen gona ko gida da sunayen shaidu, tsohon fasfo na aikin hajji, takardar diyya ta lokacin tashi, hotuna. A juya bayan kowane hoto, don masu ɗaukar hoto kan buga hatimi da sunan gari. A kai wa tsohuwa hoton ta faɗi waɗanda ke ciki tun tana gani, a rubuta a littafi, kada a rubuta da biro a jikin hoton.

Gidan malamai kuwa gafaka za a duba. Malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami ko da Larabci a warƙar farko ko ta ƙarshe ta Alƙur'ani ko ta wani littafi: an haifi wane ranar kaza, kwana kaza ga wata kaza. Wanda ya kwafi littafi da hannu yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da na malaminsa. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba, saboda haka kada a hargitsa jerinsu, kuma kada a liƙa musu salatif in sun yage. A ɗauki hoto da waya a mayar yadda aka tarar.

Shekarar da ke jiki ta Hijira ce. Ga hanyar juya ta: raba shekarar da 33, cire abin da ka samu daga shekarar, ka ƙara 622. Misali 1388. In ka raba da 33 za ka sami 42. Cire 42, saura 1346. Ƙara 622, ya zama 1968. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, ba ya wuce haka. Wani lokaci ba lamba za ka gani ba, sai wata kalma da ba ta da ma'ana. Ramzi ke nan, inda kowane harafi yake tsaye a madadin lamba. A lissafin da malamanmu suka gada, harafin shin 1000 ne, sin 300. Irin wannan a kai wa malamin da ya saba da shi.

Takarda ba ta jira. Mungo Park ya mutu a Busa a 1806 bayan ya wuce ta Yawuri. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo har Yawuri neman kundin tafiyarsa, shekara 24 kacal, ba su same shi ba. Namu takardun ga gara, ga ɗigar ɗaki, ga ambaliya.

Maganar asali

Nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ne ya fi buƙatar gaskiya. Ƙasar Yawuri mahaɗa ce. Akwai Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, da Kambari, da Dukawa, da Shangawa, da Lopawa, da Yawurawa, da Fulani, da Nufawa, da Sarkawa masunta da suka gangaro daga Kabi. Hanyar fataken goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja ta nan take ƙetare Kwara ta shiga Bargu, har Salaga a Ghana ta yau. Wasu fatake sun yada zango a nan ba su ƙara gaba ba, wasu 'yan nan kuma sun bi ayari ba su dawo ba. Hare-haren Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim daga Kwantagora sun tarwatsa garuruwan Kambari da yawa.

A irin wannan ƙasa, da wuya a sami gidan da jininsa ɗaya ne. Amma in ka zagaya tambaya, kusan kowa daga Gabas ya fito, ko Katsina, ko gidan sarauta. Wani Ba'amurke mai nazarin al'umma, Frank Salamone, ya yi bincike a Yawuri, ya kuma rubuta a 1975 yadda Gungawa suke rikiɗa su koma Hausawa: a musulunta, a shiga gari, a bar harshe, jikoki su tashi ba su san komai ba sai Hausa. Ba laifi ba ne mutum ya zama Bahaushe, haka Hausa ta yaɗu tun asali. Laifin shi ne a goge kakar da take jin Tsureshe ko Kambarci daga littafi don kada a ce. Wanda ya yi haka ya yanke wa 'ya'yansa rabin danginsu, kuma ya yi ƙarya a rubuce, wadda ta fi ta baki daɗewa. Labarin zuwa daga Gabas a rubuta shi a matsayin abin da gidan yake faɗa. Abin da aka tabbatar kuma a rubuta shi daban.

Za ka iya cin karo da bauta, ko ta wanda aka kama ko ta wanda ya kama. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wannan ba nisa ba ne, zamanin kakannin wasunmu ne. Za ka iya jin maganar cikin shege, ko kisan kai, ko hauka. Ba duk abin da ka ji za ka karanta a taron dangi ba. Abin da zai tozarta rayayye, ko ya kashe aure, ko ya tayar da husumar gona, a riƙe shi amana. Kuma binciken gidanku aka sa ka, ba tonon asalin maƙwabci ba.

Wajen gida

Bayan an gama da gida sai a fita. Mai unguwa da dagaci da hakimi sun san gidajen da suka daɗe da waɗanda suka zo daga baya, kuma a fadar Sarkin Yawuri akwai dattawan da suka san jerin masu sarautu. Tsofaffin makarantun firamare suna da rajistar ɗaukar yara, mai sunan yaro da na uba ko mariƙi da shekarar shiga. Kotunan alƙalai sun rubuta shari'o'in gado da saki da filaye, in an dace littattafan suna nan. Waɗanda suke Kirista su duba rajistar baftisma da ta aure a cocinsu.

Wanda ya sami hali ya je Kaduna, Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa tana da fayilolin zamanin Turawa. A san wannan kafin a tafi: Yawuri tana ƙarƙashin Lardin Kwantagora har 1924, daga nan aka mayar da ita Lardin Sakkwato, don haka a nemi fayilolin lardunan biyu. Mafi amfani su ne rahotannin da jami'an mulki suka rubuta lokacin kimanta harajin gunduma, masu jera ƙauyuka da sunayen masu garin da ƙabilu da sana'o'i. Da Turanci suke, kuma an karkata rubutun sunaye, sai a tafi da mai karantawa. Kada a sa ran ganin sunan talaka sai in ya yi sarauta, ko aikin En'e, ko ya shiga shari'a. Amma za ka iya ganin sunan ƙauyenku da ruwa ya ci, da wanda yake riƙe da shi a shekara kaza. A Kaduna kuma akwai gidan Sardauna da ake kira Arewa House, a Sakkwato akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu.

An yi rubutu a kan ƙasar nan. Wani jami'in Turawa, P. G. Harris, ya wallafa bayani a kan Yawuri da mutanenta a 1930. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968 a kan Yawuri a ƙarni na 19, sannan a 1978 ya fitar da littafi a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma. Ɗanku ko ƙanenku da ke jami'a zai iya nemo muku su. Ba za su ba ku sunan kakanku ba, za su nuna muku duniyar da ya rayu a cikinta.

Waya tana da amfani wurin ɗaukar murya da hoto, da nemo dangin da suka yi nisa ta WhatsApp ko Facebook. Sai dai waya takan faɗa ruwa, takan ɓata, don haka duk abin da aka ɗauka a kwafe shi a littafi, a tura wa mutum biyu cikin dangi. Manyan rumbunan salsala na intanet an gina su ne a kan rajistar haihuwa da ta coci ta Turai da Amurka, ba su da abin kirki a kan ƙauyukanmu. Gwajin ƙwayar halitta da ake tallatawa yana iya nuna kusancin jini tsakanin mutum biyu, amma ba ya faɗin sunayen kakanni, ga tsada, kuma yakan tono abin da ba a shirya ji ba.

Aiki

1. Buɗe shafi bakwai: naka, na iyaye biyu, na kakanni huɗu. Cika abin da ka sani, ka bar gurbin abin da ba ka sani ba. Kada ka cike gurbi da zato.

2. Juya waɗannan shekarun Hijira zuwa na Miladiyya: 1350, 1380, 1411.

3. Wata tsohuwa ta ce an yi mata aure shekarar da aka canja kuɗi, ta haifi ɗanta na biyu shekarar da aka kashe Murtala. Ƙiyasta shekarar haihuwarta da ta ɗan farinta, ka bayyana yadda ka yi.

4. Zauna da wanda ya fi kowa tsufa a danginku cikin wannan mako. In gidanku na cikin waɗanda aka tasa, roƙe shi ya zana maka tsohon garin a ƙasa da tsinke: masallaci, mashaya, kasuwa, gidanku da gidaje huɗu na kusa. Kwafe zanen a littafi da sunayen masu gidajen.

Ku zo da littattafanku aji na gaba. Wanda ya samo takardar ajami ko tsohon rasiɗi ya zo da hotonsa a waya, ainihin takardar a bar ta a gida wurin mai ita.